Kujerun Bikin Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da 'yan rigimarki. Mu ma nan lafiya lau.

Ga shi na rubuto kamar yadda kika ce, tunda a wajenki kiran waya ɓarna ce alhali Direba yana zuwa garinku duk mako kuma ba ya karɓar kuɗin takarda. Ni ma hakan ya fi mini, don in ina waya Baba yana jin komai ta taga, ko da ya yi kamar rediyo yake saurare.

Albishirinki, an sa rana. Sai babban hutun makaranta na baɗi, saboda Malamin Lissafi ya ce ba zai yi aure da takardun jarrabawa a hammata ba. Na yi murna, Yaya. Har a asibiti sai da wata tsohuwa da zan yi wa allura ta ce in daina murmushi da sirinji a hannu, ina ba ta tsoro.

Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da Dillali a ƙofar shagon Baba yana auna bango, tare da mutumin nan mai sayar da tayoyi a bakin titi. Baba yana zaune a bencinsa yana kallonsu kamar shagon wani ake aunawa. Da suka tafi na tambaye shi, ya ce zai sayar da shagon ya kama mini babban zauren otal. Na ce, Baba, ni ban ce ina son otal ba. Ya ce ai ba ni ya yi wa alkawari ba.

Kin san alkawarin. Ranar bikinki kujeru suka ƙare, yayar Mama ta jingina da bango da ciwon gwiwarta har aka tashi. Mama ta yi shekaru tana tsokanarsa, wai a bikin 'yar kafinta guda mutane suka ci abinci a tsaye. Kullum sai ta ƙare da cewa a bikin Auta ba wanda zai tsaya, shi kuma ya ce ya ji. To yanzu ba ta nan, maganar ta zame masa nauyi.

Ni tsorona ba shagon ba ne, Baba ne. Tun rasuwar Mama, Allah ya jiƙanta, bai ƙara ɗaukar guduma ba. Yana buɗe shago da safe, ya share, ya zauna da rediyo har yamma. Zarto ya yi tsatsa a jikin ƙusa, yaran aikinsa duk sun watse. In an kawo gyaran ƙofa sai ya ce a kai wa na gaba. Amma dai yana fita, yana ganin mutane, ana gaishe shi. Ranar da aka sayar da shagon nan ɗaki zai shige, ni kuma a lokacin na bar gidan. Wa zai fito da shi?

Gwaggo kuwa tuni ta fara gayyata. Jiya na ji tana gaya wa mai kayan miya kada ya sake ya ƙi zuwa.

Ki ba ni shawara, don kaina ya kulle. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, kuma ina taya ki murna. Allah ya sanya alheri. Ki gaida Malamin Lissafi, ki ce masa na gode da ya zaɓi rana mai nisa, shi ne abu na farko mai hankali da aka yi a bikin nan.

Share hawayenki. Shekarata nawa ina riƙe da sito a kamfanin kayan masarufi? Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, biki ba shi da tsada, gaggawa ce mai tsada. Wanda ya je kasuwa ana saura mako guda, da fuskarsa kaɗai 'yan kasuwa za su gane ba shi da zaɓi, su yanka masa yadda suka ga dama. Mu kuwa muna da watanni a gabanmu, a hankali za mu yi ta tsinta.

Shinkafa zan saya da kaka, lokacin da manoma ke neman wanda zai karɓa. Man girki kuma sai kuɗinsa ya faɗo, na san watan da yake faɗowa. Faranti da kofuna akwai waɗanda kamfani ke karyar da kuɗinsu a ƙarshen shekara don kawai kwalinsu ya jiƙe, su lafiyarsu lau. Yadin rigarki zan saya idan an daina yayinsa. Kada ki ɓata rai, kafin baɗi yayin zai zagayo, ko kuma ki zama ke kika dawo da shi. Lemo ne kawai ba zan saya da wuri ba, yana lalacewa, kuma Gwaggo tana da mabuɗin gidan.

Maganar wuri kuwa, wane otal? Mijinki malamin makaranta ne, bikin kuma a cikin hutu. Ya je ya roƙi shugaban makarantarsu aron filin tsakiya, mai bishiyoyin nan. Ya je yanzu, kafin wani malamin ya ga wata yarinya ya riga shi.

Ga muhimmin abu. Duk kwalin da na aiko, kada ki kai shi cikin gida. A shagon Baba za ki ajiye, kuma daga bakin ƙofa za ki fara jerawa, ba daga ƙurya ba. In ya tambaya ki ce ɗakinki akwai danshi. Ba wanda zai sayi shagon da bai iya shiga ya gani ba, kuma Baba ba zai taɓa cewa a fitar da kayan bikin 'yarsa titi ba.

Kada ki yi masa gardama a kan sayarwa. Kin san halinsa, in aka ce kada ya yi, a ranar zai yi. Ki ce to, ki ci gaba da jera kwali.

Ki daina yin wasiƙa a shafi ɗaya na takarda, bayanta ma ana rubutu.

Ki gaida Baba da kyau, da Gwaggo.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Kin ga yau har bayan takardar na cika, sai ki sa mini albarka.

Kayanki suna ta isowa. Direba ya ce ko shi da yake dako bai taɓa ganin amaryar da aka fara yi wa sayayya tun kafin angon ya ɗinka riga ba. Buhunan shinkafa na ɗora su a kan katako kamar yadda kika ce, jarkokin mai a gefensu, kwalayen faranti kuma sun kusa taɓa rufi. Hanyar da ta rage a shagon sai mutum ya bi ta a karkace.

Da kin ga abin da ya faru ran nan. Dillali ya kawo Mai Taya ya duba ciki. Kin san Mai Taya ba ƙaramin mutum ba ne. Ya sa kafaɗa ɗaya, ya ja ciki, ya matsa, sai ga shi ya maƙale tsakanin shinkafa da faranti, ba gaba ba baya. Dillali yana jan hannunsa yana cewa, "Wallahi ciki da faɗi, ranka ya daɗe, daga nan ne kawai." Na ruga bayan gida na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na dawo na ga gefen bakin Baba yana motsi, ya yi sauri ya ƙara muryar rediyo.

Shugaban makaranta ya ba mu filin, bai karɓi komai ba, ya dai ce a share bayan an tashi. Yadin ya iso, kuma dole in faɗi gaskiya, ya yi kyau. Na ga inda kika zare zare ɗaya a gefensa kika ƙona don ki gane ko na kirki ne. Ba ki canza ba. Har yau ina tuna ranar da kika je sayen katifa kika zauna a kanta har mai shagon ya kawo miki ruwa ya tambaye ki ko za ki kwana.

Amma Yaya, ba mu tsira ba. Na kai Baba ya ga filin. Ya zagaya, ya duba inuwa, ya ce wuri ya yi. Sai ya ce, "A ina mutane za su zauna?" Kujerun makarantar na yara ne, a manne da tebur, Gwaggo ko ƙafarta ba za ta shiga ba. Na je wajen masu hayar kujeru, duk bakinsu ɗaya. Lokacin hutu kowa ke biki, manyan masu kuɗi sun riga sun kama, abin da ya rage ba zai zaunar da dangin Mama kaɗai ba, kuma kuɗinsa ya ninka. Ga Gwaggo ta gayyaci har matar da suka haɗu a layin asibiti.

Baba ya gaya wa Mai Taya a gabana cewa in watan biki ya kama bai ga kujerun da za su ɗauki kowa ba, ya zo da kuɗinsa. Otal ɗin ma ya je ya yi magana da su. Ya ce mini, "Na ga ƙoƙarinku ke da yayarki, Allah ya yi muku albarka. Amma ba a zama a kan shinkafa."

Ki yi wani abu. A gaida Baban yara, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki ne ya yi yawa shi ya sa kika ji ni shiru.

An samu kujeru. Wani ɗakin taro a nan ya koma amfani da na roba, suna neman wanda zai kwashe musu tsofaffin na katako. Na saya, sun fi ɗari, kuma abin da na biya bai kai kuɗin hayar yini ɗaya ba. Kin ga maimakon haya, namu ne har abada. Direba ya samo babbar mota, zai kawo su ranar da ba ya da lodi, don ya rage mana.

A shago za a sauke. Ki kwashe kwalayen faranti ki mai da su ɗakinki, danshin ya warke.

Ki gaya wa tela ya bar wa rigarki sarari a gefe. Amare suna cewa za su rame, ban taɓa ganin wadda ta rame ba.

Ki gaida Baba.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Me kika aiko mana? Yaya, kin ga kujerun nan da idonki kuwa? Da motar ta tsaya na fito da guɗata a baki, maƙwabta suka taru. Aka sauke ta farko, ƙafa uku gare ta. Aka sauke ta biyu, ba wurin jingina. Ta uku ta yi kyau a ido, Gwaggo ta ce bari ta gwada, Allah ne ya sa Direba yana kusa ya tare ta. Tun daga nan ta ce ita ba za ta ƙara zama a kan komai naki ba, ko tabarma ce.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman ta kirki. Wadda ba ta karye ba tana rawa, wadda ba ta rawa ƙusa ta fito mata daidai inda mutum zai zauna. Malamin Lissafi ya zo ya taya ni, ya ce zai lissafa kashi nawa ne masu kyau. Ya gama zagayawa ya cire gilashinsa ya goge, ya ce lissafin bai da wahala.

Ke da kike sansana sabulu kafin ki saya. Ke da kike ƙona zare. A ce abu mafi muhimmanci a bikin nan shi kika saya ido rufe don kin ji araha? Na tambayi Direba ko kin je wajen da kanki, ya ce shi dai dako aka ba shi, ya shige mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya ya kalli tulin kujerun da suka cika masa shago har waje, ya ɗaga guda ɗaya ya juya ta, ya ce, "Wanda ya haɗa wannan bai ji tsoron Allah ba." Ya ajiye ta. Sai ya ce in aika wa Dillali ya zo da Mai Taya farkon wata.

Bencinsa ma yana can ƙurya, kujerun sun danne shi, ba a iya ciro shi. Yanzu a kan ɗaya daga cikin kujerunki yake zama, wadda ƙafarta ɗaya ta gaza, yana sauraren rediyo yana tangaɗi kamar mai tafiya a kwalekwale. Abin dariya ne, amma ni kuka na yi.

Duk wahalar watannin nan ta tashi a banza. Shinkafar tana nan, man yana nan, shagon kuma zai tafi. Ki gaya mini yadda zan yi da tarkacen nan, ko masu gidan burodi za su saya su hura wuta.

Ki yi haƙuri da zafin maganata. A gaida yara.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, kuma na ji faɗan. Kina da gaskiya ki yi fushi.

Ba a mayarwa, haka muka yi da su. Kuɗin motar da za ta kwashe su kuma ba ni da shi a wannan watan. Kada ki sayar wa masu burodi, katakon mai kyau ne, asara za a yi. Ki bar su inda suke tukuna.

Kada ki ciro masa bencin, kada bayanki ya ƙage ana gab da biki. Kada kuma ki kira wani kafinta, kuɗi zai caje mu.

Ki ci abinci, ki yi barci. Ki ba Gwaggo haƙuri, na sa mata man zafi a cikin kwalin cokula.

Ki gaida Baba.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, ko da yake har yanzu laifinki ne. Zauna ki sha labari, amma ki duba kujerar kafin ki zauna.

Kwanaki Baba ya yi yana tangaɗi a kujerar nan. Ya sa mata dutse a ƙarƙashi, dutsen ya zame. Ya naɗe kwali ya cusa, kwalin ya lotse. Ran nan na kawo masa shayi, yana kai kofin baki kujerar ta karkata, shayin ya zube masa a riga. Ya tashi ya kifa kujerar a ƙasa, ya daɗe yana kallonta, sai ya ce, "Miƙo mini gudumar can."

Yaya, da sauri na ɗauko na miƙa masa. Ya ce kada in sa rai, wannan ɗayar kawai zai gyara don ya samu wurin zama. Na ce to. Na tafi aiki, na dawo na tarar da guda huɗu a jere a bakin ƙofa, ya ce sauran ukun sun tsaya masa a hanya ne.

Washegari ya aike ni sayen gam da ƙusoshi, ya ce in na kawo masa gam ɗin ruwa-ruwa zan koma. Ya jiƙa zarto da mai ya kankare tsatsar. Yanzu tun da safe unguwa ke jin bugun guduma. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ta ɗauka ba za ta ƙara jin wannan ƙarar ba, da can tana hana ta barcin rana, yanzu kuwa daɗinta take ji. Yana aiki yana zagin wanda ya ƙera kujerun. Wai mutumin nan ƙusa yake bugawa inda ya kamata ya sassaƙa katako ya shiga cikin ɗan'uwansa. Rediyon ma ya manta da shi, batirinsa ya mutu bai sani ba. Abinci kuwa, jiya sai da na ƙara masa.

Malamin Lissafi yana zuwa bayan an tashi makaranta yana goge katako. Baba ya ce hannunsa na riƙe alli ne, amma yana da haƙuri. A wajen Baba kin san wannan babban yabo ne.

Farkon wata Dillali ya zo da Mai Taya, da kuɗinsu a jaka. Sun tarar Baba ya shafa gam a ƙafar wata kujera, ya ce wa Mai Taya, "Riƙe mini nan, kada ka motsa." Bawan Allah ya tsuguna ya riƙe, jakar kuɗin a hammata. Duk sanda ya buɗe baki zai yi maganar shago sai Baba ya ce, "Ka motsa." Da gam ɗin ya kama, Baba ya ce yanzu ba shi da sukunin ciniki, su dawo bayan biki. Dillali ya ce ai saboda bikin ne za a sayar. Baba ya ce ya sani.

Ban san me zai yi bayan bikin ba, kuma ina tsoron tambaya. Kujerun da suka rage ba su da yawa. In sun ƙare fa?

Ki zo da wuri, tela yana son ya gwada ki. Kuma kin yi gaskiya a kan sararin rigar, amma kada ki ƙara tayar da maganar.

A gaida Baban yara da yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum daga sabon gida. Da fatan kun isa lafiya, gajiyar biki ta sake ku. Malamin Lissafi yana gaisuwa, ya ce a gaya miki ya lissafa abin da kika rage mana, amma ba zai faɗa ba don kada ki ji daɗi da yawa.

Kin tafi da sassafe ba mu yi hira ba. Kina can wajen tukwane kina hana masu rabo cika cokali, ba ki ga abin da na gani ba. Baba bai zauna ba sai da kowa ya zauna. Yana ta zagaya filin da sabuwar rigarsa, fensir a bayan kunne, yana taɓa bayan kujeru. Da yayar Mama ta iso da sandarta, shi da kansa ya kama hannunta ya kai ta gaba, ya zaunar da ita a wadda ya yi wa matashi. Ta shafa kujerar ta ce, "Ashe ka cika mata alkawari." Ya juya yana duba wata ƙusa da babu ita. Ni kuwa kwalliyata ta lalace, mai kwalliya ta yi ta mita.

Mai kayan miya ya zo, matar layin asibiti ma ta zo da ƙawayenta, duk sun samu wuri. Gwaggo ta fara danna tata da hannu kafin ta zauna, daga baya sai da aka tashe ta, barci ya ɗauke ta a kai. Shinkafa ta isa har ta yi saura. Yadin kuma mutum uku sun tambaye ni inda na saya.

Jiya na leƙa gida. An mai da kujerun shago, an jera su tsaf. Na tarar da wata mata tana tambayar Baba ko yana ba da haya, ɗanta zai yi aure. Ya ce zai yi tunani. Na tambaye shi maganar Mai Taya, ya ce in je in kula da gidana. Ya ce in na rubuta miki takarda in kawo masa, shi zai ba Direba, yana da saƙo shi ma.

Har gobe ina cewa Allah ne ya rufa miki asiri. Da kuskuren nan naki bai zo da sa'a ba, da har jikokinki sai sun ji labari a bakina. Nan gaba ki riƙa duba kaya kafin ki saya.

Na gode, Yaya. Ban san yadda zan faɗa ya isa ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Babbar 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da maigidanki da jikokina. Ki yi haƙuri da fensir, shi ne a kusa.

Biki ya yi kyau. Ba wanda ya tsaya.

Na sallami Mai Taya. Shago ba na sayarwa ba ne.

Direba ya zo in gyara masa ƙofar gida, muka yi hira. Ya ce a ɗakin taron nan akwai kujeru masu lafiya da yawa, kuma kuɗinsu ɗaya da karyayyun. Ya ce yini guda kika yi kina zama a kansu ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta ɗauke ki sai ki ce a mayar, har kika faɗi sau biyu. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa. Tun ranar da aka sauke su na san 'yar da na haifa ba ta sayen abin da ba ta gwada ba.

Ban gaya wa Auta ba. Ki bar ta ta ci gaba da yi miki dariya, tana jin daɗin hakan.

Direba ya ce akwai tebura ma a wajen. Ki aiko. Wannan karon ba sai kin hau kansu ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanku